Allon Cinya da Allon Zaure: Kwamfutar Ɗalibi a Gidajen Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Kalmar allo tana daga cikin kalmomin da suka daɗe da zama 'yan gida a harshen Hausa, ko da yake asalinta daga Larabci ne. Da farko allo shi ne ɗan katakon da almajiri yake rubuta karatunsa a kai, ya wanke, ya sake rubutawa. Da boko ya zo, sai kalmar ta ɗauki ma'ana ta biyu, watau baƙin allon da malami yake rubutu da alli a gaban aji. A wannan zamani kuma ta sami ma'ana ta uku, domin fuskar kwamfuta da ta wayar hannu ma allo ake ce musu. Abin lura a nan shi ne, allo na farko da na biyu duk a bainar jama'a suke: malam yana duba na almajiri, 'yan aji kuma suna duban na malami. Na ukun ne kaɗai ya zo da ɗabi'ar ɓuya, mai shi ya ɗora shi a cinya, ya sunkuyar da kai, ba wanda ya san abin da yake dubawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɗalibin da ya koma gida da kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman ɗan ƙasar Ƙaraye da Rogo, ya kamata ya jona ta da babban allo, ko da akwatin talabijin na gidan ne, ya kuma ajiye allon nan inda mutanen gida za su iya gani. Wasu suna ɗaukar yin haka burga ce ko almubazzaranci. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa babban allo kayan aiki ne, kamar yadda fartanya take ga manomi, sa'an nan a auna dalilan masu suka, domin ba dukansu ne na banza ba.

Ƙasar da ake magana a kanta

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabta a yammacin Jihar Kano, kuma Rogo ce ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja, kuma dokar masarautu ta shekarar 2024 ta haɗa su a ƙarƙashin masarautar Ƙaraye. Mafi yawan mutanensu manoma ne, masu noman dawa da masara da rake da kayan lambu. A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Calawa take, wadda aka gama ginawa a 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, ta kuma jawo masunta da masu noman rani.

Daga irin waɗannan gidaje ne ɗalibai suke fitowa zuwa Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantu. Sau da yawa kwamfutar da ke cikin jakar ɗalibin ita ce kaɗai a gidansu, wani lokaci ma a unguwar baki ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an sayar da buhunan masara ko ɗan maraƙi kafin a saye ta. Har ila yau, zaman ɗalibi a gida ba ɗan kaɗan ba ne. Ban da hutun ƙarshen zango, yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya kai wata tara, na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ashe kuwa yadda ake amfani da wannan na'ura a gida magana ce da ta cancanci a tsaya a duba.

Yadda abin yake

Kafin a shiga muhawara, ya kyautu mai karatu ya san cewa aikin ba shi da wuya. A gefen yawancin kwamfutocin akwai kafa da ake kira HDMI, irinta kuma tana bayan kowace talabijin ta bango. Tsofaffin kwamfutoci suna da wata kafar mai ramuka 15, wadda ake kira VGA. Igiya ɗaya ce take haɗa na'urorin biyu. In an jona, a kwamfuta mai tsarin Windows sai a danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi ya bayyana. Ana iya sa allunan biyu su nuna abu ɗaya, ko kowanne ya nuna nasa aikin, ko a kashe ƙaramin a bar babban kaɗai.

Girman allo kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Allon kwamfutar cinya yakan kama daga inci 13 zuwa 15 da ɗoriya, na tebur kuma daga 19 zuwa 24, talabijin ɗin da aka fi samu a gidaje inci 32 ce. Lissafin yana da ban mamaki, domin allo mai inci 24 ya kusa ninka mai inci 14 sau uku a faɗin fili. Ana samun irin waɗannan alluna na hannu a shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, a kan kuɗin da bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba.

Dalili na farko: ingancin rubutu

Ɗalibin Hausa ya fi kowa bukatar ganin harafi ɓaro-ɓaro, saboda ma'ana a rubutun Hausa takan rataya a kan ɗan abu ƙanƙane. Ɗan lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ita ce ta raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Sunan garin Ƙaraye kansa da harafi mai lanƙwasa ya fara, ko da yake taswirori da allunan kan hanya sukan yar da ita. Tun a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorancin hukumar talifi a Zariya, waɗannan haruffa suka shiga ɗab'in Hausa. An zauna a kan ƙa'idojin rubutu a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980. Abin kunya ne a ce bayan duk wannan wahala ta magabata, kundin digiri na sashen Hausa ya fito cike da kurakuran da ido ne kawai bai gani ba.

Ga mai nazarin kimiyyar harshe abin ya fi haka tsanani, domin shi sai ya sa alamar karin sauti da ta tsawon wasali. Da su ne ake bambance gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci, da kuka na hawaye da kuka ta miya. Waɗannan alamomi ba su fi ƙwayar gero ba a ƙaramin allo, kuma wanda ya yi awa huɗu yana duban su ba zai ƙara bambance mai hawa da mai sauka ba. Mai juyar ajami zuwa boko shi ma haka ne. Jami'ar Boston ta Amurka da Ɗakin Karatu na Biritaniya sun ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami masu yawa sun sa a intanet, amma ɗigo ɗaya na tsohon tawada yana iya sauya kalma, kuma ba a gane shi sai an faɗaɗa hoton sosai.

A nan ne amfanin alluna biyu yake fitowa fili. Ɗalibi ya buɗe hoton takardar ajami ko ƙamusun Bargery na 1934 a babban allo, ya riƙa buga nasa rubutun a ƙaramin. Ido ya ɗaga ya duba, ya sauko ya rubuta, tamkar yadda mai kwafar littafi a zaure yake ajiye uwar littafin a gabansa, takardarsa kuma a cinya. Wanda yake da allo ɗaya kuwa sai ya rufe wannan ya buɗe wancan, a tsakanin rufewa da buɗewa kuma kalma take salwanta.

Dalili na biyu: lafiyar jiki

Kwamfutar cinya an ƙera ta ne don tafiya, shi ya sa aka haɗe allonta da maɓallanta wuri guda. In an ɗaga ta daidai ido, hannu ya wahala. In an sauke ta daidai hannu, wuya ya lanƙwashe. Duk wanda ya ga ɗalibi a kan tabarma ko katifa ya duƙufa a kanta tun daga azahar har magariba ya san daga inda ciwon wuya da na gadon baya suke fitowa. Masana lafiyar ma'aikata suna ba da shawarar saman allo ya yi daidai da ido, nisansa kuma ya kai tsawon hannu, sa'an nan bayan kowane minti 20 a ɗauke ido a dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Da babban allo a kan tebur ko a jikin bango, cika waɗannan sharuɗɗa ba wuya.

Ita ma na'urar tana samun sauƙi. Ɗora ta a kan katifa yana toshe kafofin da take shaƙar iska, ga zafin bazara da yakan kai maki 40, ga ƙurar hunturu. Wadda aka girke a kan tebur ta fi daɗewa. Daɗin daɗawa, kwamfutar da allonta ya fashe ba ta mutu ba, ana jona ta da talabijin ta ci gaba da aiki har a sami kuɗin gyara. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.

Dalili na uku: haƙƙin mutanen gida

Wannan shi ne dalili mafi nauyi. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara yin haka ga masu zana jarrabawa daga waje. Yaron birni ya saba da na'urar tun yana firamare. Yaron ƙauye kuwa yana iya sanin amsar tambaya sarai, amma ya ɓata rabin lokacinsa yana kokawa da linzamin kwamfuta, domin ranar jarrabawa ce ranar da ya fara taɓa shi. Irin wannan faɗuwa ba ta rashin ƙwaƙwalwa ba ce, kuma maganinta yana cikin jakar wansa ko yayarsa.

A ƙaramin allo mutum biyu ne za su iya leƙawa, su ma sai sun haɗa kai. A talabijin mai inci 32 kuwa yara goma za su zauna a tabarma, ɗaya yana riƙe da linzami, sauran suna ganin inda ya danna da inda ya kuskure, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi. Wannan shi ne tsarin karatun zaure da aka gada, inda mai ƙaramin littafi yake tsintar karatu daga bakin mai babba tun kafin layi ya zo kansa. 'Yan mata sun fi kowa cin moriyar wannan, saboda ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta tafi shagon koyon kwamfuta a bakin kasuwa ba, amma ba wanda zai hana ta zama a ɗakin mahaifiyarta ta koya a hannun ɗan'uwanta.

Akwai kuma maganar zargi. Dattijon da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi na'ura, sa'an nan ya ga ɗansa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa har tsakar dare, dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa, balle ga labaran da ake ji na 'yan damfara da kallon banza a intanet. Bayani da baki ba ya kawar da irin wannan zato, gani ne ya kori ji. Ranar da uban ya shigo ya tarar da shafin kundi a jikin bango, da manyan haruffa, ya ga sunan garinsu da na kakanninsa a ciki, ranar ce zai san inda kuɗinsa suka tafi. Shi ma ɗalibin, sanin cewa ana ganin allonsa wani linzami ne a gare shi, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Bugu da ƙari, yawancin kundayen sashen Hausa daga bakin mutanen karkara ake ɗebo su: waƙoƙin masunta, da kirarin mafarauta, da waƙoƙin daka da niƙa, da tarihin kafuwar garuruwa. An saba mai bincike ya zo da rikoda, ya ɗauka, ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Da babban allo ana iya tara waɗanda aka yi hira da su, a nuna musu hotunansu, a karanta musu abin da aka rubuta suna bi da ido, mai gyara ya gyara. Tsohuwar da ta ba da waƙa ita ta fi kowa sanin inda aka karya mata baiti. Yin haka ya ƙara wa binciken inganci, ya kuma sauke nauyin amana.

Dalilan masu suka

Suka ta farko ita ce ta wuta, kuma gaskiya ce. Wutar lantarki a karkara ba abin dogaro ba ce, ko a birane ma an ga yadda yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoba na 2024. Man janareta kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Amma in an yi lissafi sai a ga abin bai kai yadda ake tsoro ba. Cajar kwamfutar cinya wat 45 zuwa 65 aka saba rubutawa a jikinta, allon tebur na zamani kuma bai cika wuce wat 30 ba. Su biyun a haɗe ba su kai ƙwan fitila ɗaya irin na da mai wat 100 ba, dutsen guga kuwa ya ninka su sau goma. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, wanda faifan sola matsakaici yake cikawa, zai riƙe su awa shida zuwa bakwai ba tare da an tatse shi ba. Gidaje da shaguna da yawa sun riga sun mallaki irin wannan don fitila da cajin waya. In ma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, babban allon ne kawai zai mutu, rubutun yana nan a ƙaramin saboda batirinsa. Abin da ya wajaba shi ne a sa na'urar daidaita wuta, don kada ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya.

Suka ta biyu ita ce talabijin ba don karatu aka yi ta ba. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Yawancin masu araha ɗigon hotonsu 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, don haka in an matso kusa sai haruffa su yi dishi-dishi. Talabijin ta dace da koyar da yara da nuna hotuna daga nesa, amma mai tace kundi ya fi bukatar allon tebur mai ɗigo 1920 da 1080. Wanda bai sami wannan ba sai ya ƙara girman haruffa, ya ja da baya kaɗan, domin da babu gara ba daɗi.

Suka ta uku ita ce rigimar gida. Akwatin da matan gida suke kallon wasannin tashar Arewa24 a cikinsa da dare, in ɗalibi ya ƙwace shi da sunan karatu, ya sayi baƙin jini, ya kuma sa an tsani karatun. Maganin wannan shi ne raba lokaci. Hantsi da bayan azahar akwatin yakan zauna a banza, kuma lokacin ne sola take da ƙarfi. Dare kuwa a bar wa masu shi.

Suka ta huɗu ita ce ta sirri, kuma ita ce ta fi cancantar a saurara. Ba kowane abu ne ake bajewa a zaure ba. Hirar da wata mata ta yi da mai bincike a kan zaman aurenta, ko bayanin da mai maganin gargajiya ya bayar bisa amana, ba na bango ba ne. Haka kuma mai rubutu yana bukatar kaɗaici a wasu lokuta don tunani ya nuna. Sai dai ai igiyar ba ɗaurin aure ba ce, ana zare ta a duk lokacin da aka so. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya san aikin ɗaka, ya san na zaure, kada ya mayar da kome na ɗaka.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, shawara ta farko ga ɗalibai take: duk mai shirin sauya waya don yayi, ya fara tunanin igiyar HDMI da allo na hannu, ya kuma ware wa ƙannensa ko da awa ɗaya a yini. Ta biyu ga malamai: ya kyautu mai duba kundi ya tambayi ɗalibinsa ko ya mayar wa mutanen da ya yi hira da su abin da ya rubuta sun gani, a kuma sa wannan cikin darasin dabarun bincike. Ta uku ga ƙungiyoyin ɗalibai na Ƙaraye da Rogo da masu hannu da shuni na yankin: allo ɗaya da batir ɗaya da faifan sola a zauren mai unguwa ko a wani aji na makarantar firamare sun isa su zama wurin horar da masu shirin jarrabawa a lokacin hutu, tun da kwamfutocin da masu koyarwar suna dawowa gida da kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ilmin da gida ya yi wa ɗawainiya, gida yana da haƙƙi a cikinsa tun kafin a karɓo takardar shaida. Ɗalibin da ya koma makaranta ya bar ƙanne uku sun iya riƙe linzami, da uba wanda ya ga aikin ɗansa da idonsa, da kundin da masu ba da labari suka sa wa albarka, ya ci ribar hutunsa. Allah ya sa a dace, amin.